Yadda Ake Karanta Hotunan Ɗab'i na Faransa na Ƙarni na 17: Mabarata, Masu Sadaka da 'Yan Talla a Zanen Bosse da Callot

Ɗauko sabuwar takardar naira dubu ka shafa babban yatsa a kan fuskokin da ke jikinta. Za ka ji ɗan kaushi, kamar tawadar ta taso. Ai kuwa tasowa ta yi. An tsaga zanen ne a jikin ƙarfe, aka cusa tawada cikin tsagar, sannan aka danne takarda a kai da ƙarfi har ta tsotso tawadar. Da irin wannan dabara ce masu zane a Paris suka cika kasuwa da hotuna shekara 400 da suka wuce, tun kafin a san kyamara. A titin Saint-Jacques shagunan masu sayar da su suke jere, mutum ya saya ya liƙa a bango ko ya adana cikin kundi.

Mutum biyu za mu bi. Na farko Jacques Callot, ana kiran sunansa Jak Kalo. An haife shi a garin Nancy wajen 1592, ya rasu a 1635, ya bar zane sama da 1,400. A zamaninsa ƙasar Loren, inda Nancy take, ba ta shiga ƙarƙashin Faransa ba tukuna, amma a Paris aka buga kuma aka sayar da wasu daga cikin manyan ayyukansa. Na biyu Abraham Bosse, ana cewa Bos, ɗan garin Tours, ɗan wani tela da ya yi ƙaura daga ƙasar Jamus. Ya shiga koyon sana'a a Paris a 1620 wajen Melchior Tavernier, ya rasu a 1676, ya bar zane kusan 1,600.

Mutane da yawa suna kallon waɗannan hotuna kamar hoton kyamara, su ce ga yadda talakan Faransa yake a da. Kallon kitse ake yi wa rogo. Haja ce aka yi domin mai kuɗin saye, kuma mabaracin da ke ciki ba shi ne mai sayen ba. Matakan da ke biye hanya ce ta tsamo gaskiyar da ke cikin hoton ba tare da ka haɗiye tallar da ke tattare da ita ba.

Mataki na 1: Samo hoton da ba a yanke ba

Kada ka fara da wanda ake yawo da shi a Facebook ko Pinterest. Yawanci an datse gefensa, an zubar da rubutun ƙasa, alhali rabin labarin can yake. Je shafin Gallica na babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, ko shafin gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, ko British Museum, ko Rijksmuseum na Amsterdam. Kallo a dukkansu kyauta ne, wasunsu ma suna barin a sauke hoton da girmansa.

Da Faransanci za ka fi saurin samu. Rubuta sunan Bosse tare da Œuvres de miséricorde (ayyukan jinƙai), ko Infirmerie de l'hôpital de la Charité (ɗakin majinyata na asibitin Charité), ko Cris de Paris ('yan tallar Paris). Ga Callot kuwa rubuta Les Gueux (mabarata), ko Misères de la guerre (jerin hotunansa na wahalhalun yaƙi). Sauke mafi girman da data ɗinka za ta iya ɗauka, domin aikin duk na zuƙowa ne.

Kafin ka zuƙo, duba awon da aka rubuta a ƙarƙashin hoton. Wannan yakan ba mutane mamaki. Kowane hoto a jerin yaƙi na Callot bai wuce santimita 8 a tsaye da kusan 19 a kwance ba, wato tsawonsa ya ɗan ɗara wayar hannu kaɗan, amma a ciki akwai mutane fiye da yadda za ka ƙirga a zama ɗaya. Manyan hotunan Bosse na rayuwar gida sun ɗan fi takardar A4. Ka riƙe wannan a ranka: abin da za a riƙe a hannu a kawo kusa da ido ne, ba allon talla na bakin titi ba.

Mataki na 2: San yadda aka yi shi, sannan ka duba layin

Bosse ya sauƙaƙa mana nan, don ya zana masu sana'ar da kansa. Nemi hotonsa na 1643 na masu tsaga faranti, da na 1642 na masu bugawa. A 1645 kuma ya fitar da littafin koyar da sana'ar, wanda aka yi ta fassarawa zuwa wasu harsunan Turai ana koyo da shi fiye da shekara ɗari.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce sassaƙa kai tsaye: mai aiki ya riƙe wani ƙarfe mai kaifin baki da Faransawa ke kira burin, ya tura shi a kan farantin jan ƙarfe, bakin yana fere siririn ƙarfe yana barin tsaga. Aiki ne mai cin lokaci da ƙarfin hannu, sai an yi shekaru ana koyo.

Ta biyu ita ce a bar asid ya yi sassaƙar. A goge farantin ya yi sumul, a shafe shi da banish, a kara shi a kan hayaƙin kyandir ya yi baƙi ƙirin don a riƙa ganin abin da ake zanawa. Sai a ɗauki allura a yi zane, allurar tana kankare banish ɗin kawai, jan ƙarfen yana bayyana. Daga nan a riƙa kwarara ruwan asid a kai. Inda banish ya rufe ba abin da zai same shi, inda allura ta bi kuwa ruwan zai ci ya bar tsaga. Faransawa na kiran wannan eau-forte, wato ruwa mai ƙarfi. Na Bosse haɗi ne na ruwan tsami da gishiri iri biyu da koriyar tsatsar jan ƙarfe. Ba abin gwadawa a gida ba ne, yana ƙona fata, tururinsa kuma yana cutar da ƙirji.

Abu uku Callot ya inganta a wannan hanya, kuma kowanne ana ganinsa da ido. Lokacin da yake aiki a Fulorans ta Italiya, a fadar gidan Medici masu mulkin garin, ya koma amfani da banish mai tauri irin wanda masu ƙera kayan kiɗa na tsirkiya ke shafa wa katako. Tsohon banish mai laushi yakan ɓare, asid ya kutsa inda ba a so ya ɓata aikin makonni. Mai taurin ba ya yin haka, saboda haka mutum yana iya zuba ƙananan mutane ɗari a faranti ɗaya hankalinsa kwance. Na biyu, wata allura mai kauri da aka fere bakinta a karkace, sunanta échoppe. In aka murza ta tsakanin yatsu ana cikin jan layi, sai layin ya kumbura ya sake sirancewa. Na uku, zuba asid sau da yawa: a zuba kaɗan, a wanke, a rufe wuraren da ake so su zama nesa da sabon banish, a sake zubawa a kan sauran. Abin da ya daɗe a ruwan sai ya yi zurfi, ya riƙe tawada da yawa, ya fito baƙi.

To yanzu zuƙo hotonka. Dubi mutanen gaba, za ka ga layinsu mai kauri ne baƙi. Dubi gidaje da tsaunukan baya, layinsu siriri ne kamar gashi, toka-toka. Ba launi aka sa ba, daɗewa a asid ce ta bambanta su. Sannan bi layi guda har ƙarshensa. Na burin yakan ƙare da tsini kamar ƙaya, na asid kuwa bakinsa a ɗan dunƙule yake. Wajen Bosse sai ka natsu sosai, domin shi burinsa a ga aikin asid a ɗauka na burin ne. Layukansa jere suke reras kamar saƙar tabarma. Ni dai ina ganin wannan tsaftar ta rage wa hotunansa rai in aka gwada da na Callot, amma ita ce ta sa za ka iya ƙirga maɓallan riga da igiyar takalmi.

Bugun kansa, kamar yadda hoton 1642 ya nuna, aikin mutum uku ne. Ɗaya yana cusa tawada cikin tsagogin, ɗaya yana goge saman farantin da tsumma sannan da tafin hannu har ya rage sai abin da ke cikin tsaga, na uku yana jan hannuwan injin matsi da dukkan ƙarfinsa. Takarda mai danshi ake ɗorawa, a rufa da bargo, a tura tsakanin gungume biyu. A sama kuma ga hotunan da aka buga an shanya a igiya kamar wanki. Kowane kwafi guda sai an maimaita wannan duka.

Abu ɗaya kada ka manta: komai yana fitowa a juye, kamar rubutun hatimi. Wanda ke son hannun dama ya ba da sadaka a takarda, dole ya zana hagu a faranti. Rubutun ma a juye ake tsaga shi.

Mataki na 3: Karanta ƙananan rubutun gindi

Ba sai ka iya Latin ba, kalmomin kaɗan ne. In ka ga inv. ko invenit bayan suna, shi ne ya ƙirƙiri zanen. Fe. ko fecit, ko sculp., shi ne ya tsaga farantin. Excud. ko excudit shi ne ɗan kasuwar da ya mallaki farantin, ya buga, ya sayar. A yawancin hotunan rayuwar yau da kullum na Bosse za ka ga shi ne ya ƙirƙira kuma ya tsaga, amma mai sayarwa daban: Le Blond, ko Tavernier, ko François Langlois da ake wa laƙabi da Ciartres. Na Callot a Paris abokinsa Israël Henriet ne ya riƙa fitarwa, shi ya sa za ka riƙa ganin sunan Israel a gindinsu. Avec privilège du Roy kuwa izinin sarki ne da ya hana wani ya kwaikwayi hoton na wasu shekaru.

Sunan mai sayarwa yana da amfani fiye da yadda ake zato. Faranti dukiya ce, ana gadonsa, ana sayar da shi. Sabon mai shi sai ya kankare tsohon suna ya sa nasa. Duk sauyin da aka yi wa faranti ana kiransa état, za ka ga gidan tarihi ya rubuta na farko cikin biyu, ko na biyu cikin uku. Da haka ake gane wane bugu ya riga wane.

Sai baitocin da ke ƙasa. Kwafe su ka sa a manhajar fassara, amma ka gyara rubutun tukuna: wancan dogon harafin mai kama da f, s ne, kuma u da v sukan yi musanyen wuri. Yawanci ba mai zanen ne ya rubuta su ba, wani marubuci aka ɗauka. Saboda haka ka kalli hoton da kyau kafin ka karanta, don baitin aikinsa ya gaya maka abin da ya kamata ka ji, kuma ba kullum bakinsa ke zuwa ɗaya da na hoton ba.

Mataki na 4: Duba wa ke tsaye a ina

Nan ne ya kamata ka daɗe. Buɗe jerin Bosse na ayyukan jinƙai guda bakwai, na wajejen 1635. Shida daga cikinsu daga Linjilar Matiyu sura ta 25 aka ɗauko su: ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishirwa, saukar da baƙo, tufatar da marar sutura, gaida marar lafiya, ziyartar ɗan kurkuku. Na bakwai, binne mamaci, coci ce ta ƙara daga Littafin Tobit da ke cikin Baibul na Katolika. Masu zane a Turai sun daɗe suna yin wannan jeri. A wani da aka yi a garin Alkmaar na ƙasar Holan a 1504, wanda yanzu yake Rijksmuseum, an sa Almasihu da kansa tsaye cikin matalauta ba wanda ya lura da shi. Bosse kuwa ya sauko da abin cikin unguwa: mutanen zamaninsa, da hulunansu da takalmansu, a ƙofofin gidaje irin na masu sayen hoton.

Yi wa kowane hoto tambaya huɗu, kuma ka rubuta amsar a takarda, kada ka bar ta a ka.

Wa ke sama, wa ke ƙasa? Mun saba jin cewa hannun sama ya fi hannun ƙasa, to a nan ƙafa ma haka take. Duba wanda ke miƙe da wanda ke sunkuye, wanda ke kan dakali ko matakala da wanda ke tsaye a ƙasa. Duba inda bakin ƙofa yake, ka ga ko talakan ya tsallake shi ko an tare shi a waje.

Hannun wa ya taɓa kayan? Wani lokaci maigida ne ke miƙawa, wani lokaci yana tsaye yana nuni barori na ɗawainiya. Ka lura kuma ko akwai yaran gidan a wurin, domin sa yaro cikin irin wannan hoto darasi ne ga iyayen da za su rataye shi a ɗaki.

Wane irin talaka aka zaɓa? Ƙirga tsofaffi, mata masu goyo, yara, guragu, matafiyan ibada da sandunansu. Sannan nemi ƙato lafiyayye marar aikin yi, ka ga ko za ka same shi. Mutanen wancan zamani sun raba matalauta gida biyu, wanda ya cancanci taimako da wanda suke ɗauka malalaci ne, kuma hoton sadaka yana son na farkon.

Ina aka kashe lokaci? Zuƙo leshin wuyan mai bayarwa, sannan zuƙo fuskar mai karɓa, ka gwada yawan layin da aka zuba wa kowanne. A hoton kurkuku akwai mutum da ƙarfe a wuya ɗaure da sarƙa, amma idonka zai fara sauka ne a kan baƙin da suka ci ado. Ba kuskure ba ne. Mai sayen hoton kansa yake son gani.

In ka gama da bakwai ɗin, buɗe hoton ɗakin majinyata na asibitin Charité, na wajen 1639. Asibitin maza ne a titin Saints-Pères, a hannun wata ƙungiyar 'yan'uwa Katolika masu jinya da sarauniya Marie de Médicis ta gayyato daga Italiya a farkon ƙarnin. Doguwar zaure ce, gadaje masu labule a jere, wurin ibada can ƙurya, ga manyan mutane cikin kwalliya sun zo ciyar da majinyata. Nan akwai gaskiya a ciki: an san asibitin da bai wa kowane majinyaci gadonsa shi kaɗai, alhali a tsohon asibitin Hôtel-Dieu mutum uku ko huɗu kan kwana gado ɗaya. Sai dai ka sani ranar baƙi aka zana, ba daren da ba kowa ba.

Wani abin da ke ba ni sha'awa: Bosse ɗan Furotesta ne, cikin 'yan tsirarun da dokar Nantes ta 1598 ta ba damar yin addininsu. A aƙidarsu aikin kirki ba ya sayen tsira. Duk da haka ga shi yana zana asibitin Katolika da ayyukan lada, da hannu mai kyau kuwa. Ɗan kasuwa ne, kuma yawancin masu saye Katolika ne.

Mataki na 5: Karanta tufafi da kayan ɗaki

Ɗan tela ba ya wasa da ɗinki. A 1633 sarki Louis na 13 ya kafa dokar hana almubazzaranci a sutura, musamman leshi da surfanin zinariya, Bosse kuwa nan da nan ya fitar da hotunan bafade da uwargida suna tuɓe kayan ƙawa don bin doka. Faffaɗan wuyan riga da ya kwanta a kafaɗa, hula mai faɗi da gashin tsuntsu, takalmi mai buɗaɗɗen baki, duk alamun shekarun 1630 ne. In ka ga wuyan riga mai tauri da ya zagaye wuya kamar faifai, ko dai tsoho ne da bai bar yayin samartakarsa ba, ko hoton ya girmi wannan zamani.

Cikin ɗaki kuma duba gado mai labule a ɗakin da ake karɓar baƙi, murhu a jikin bango, hoton da aka rataye. Hoton bangon nan sau da yawa sharhi ne a kan abin da ke faruwa a ɗakin, kada ka wuce shi. Bosse ya zana mai ɗinkin takalma, wanzami, mai yin kek, malamin makaranta da bulalarsa, mai tsaga jijiya don fitar da jini, biki a birni da biki a ƙauye, miji na dukan mata, da mata na dukan miji. Wannan na ƙarshe ya ishe ka gane cewa da yawansu barkwanci ne. Kujera da tukunyar da ke ciki ka yarda da su, halin mutanen kuwa ka tace.

Jerin 'yan tallar Paris ya fi sauƙi: ɗan garuwa da bokitansa, mai sharar bututun hayaƙi, mai maganin ɓera, mai sayar da ruwan tsami. Kowanne tsaye shi kaɗai, ƙato a gaba, gari ƙarami can baya. Kayan aikin su ne abin dubawa, yadda aka rataya su da yadda nauyin ya karkatar da jiki.

Mataki na 6: Koma wajen Callot, kuma ka bi jeri daga farko

Mabaratan Callot guda 25 ne, ya yi su wajen 1622 bayan ya komo Nancy daga Italiya. A nan ba mai bayarwa, ba ƙofar gida, ba baiti. Farar takarda ce da mutum a kai: makaho da karensa, makaho da ɗan jagora, uwa da 'ya'ya uku, mai ƙafar katako, mai ido ɗaya, mai jan carbi, tsohuwa da kyanwoyinta. Zuƙo tsummokaran ka ga aikin échoppe, yadda layi guda ke kumbura ya zama inuwa.

Da ganinsu za ka ce tausayi ne zalla. Dakata ka duba hoton farko na jerin. Wani ne riƙe da tuta an rubuta Capitano de Baroni, wato shugaban 'yan damfara a Italiyancin lokacin. Ashe an ba mai kallo zaɓi tun daga bakin ƙofa: ko ya ji tausayi, ko ya yi wasan gano na ƙarya cikinsu. Akwai ma wani mai ƙiba da ya sunkuyar da ido, ka kalle shi ka yanke naka hukuncin. Ni a ganina hannun Callot ya fi tutar adalci, don ya ba kowannensu tsayuwa irin tasa. Rembrandt, shahararren mai zane na ƙasar Holan, ya ga waɗannan, kuma ana ganin tasirinsu a mabaratan da ya zana wajen 1630.

Jerin yaƙi kuwa hoto 18 ne, ya fito a 1633, tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin da aka yi a Turai, shekarar da sojojin Faransa suka karɓe Nancy. Na 11 ne ya fi shahara, bishiyar da gawarwaki ke reto a rassanta. Wanda ya gan shi shi kaɗai zai ɗauka talakawan gari aka rataye. Bi jerin tun daga farko: an ɗebi sojoji, an gwabza, sun watsu suna wawashe gidan gona da coci da ƙauye, an kamo su, sannan aka shiga hukunta su. Sojojin da suka yi ɓarna ne a bishiyar, kuma baitin ƙasa ɓarayi ya kira su. Zuƙo gindin bishiyar ka ga limamin coci a kan tsani da gicciye, da waɗanda ke jefa ƙwayar caca a kan ganga.

Ga mai bin zancen sadaka, na 15 da na 16 ne nasa. A na 15 nakasassun yaƙi ne ke jan jiki zuwa ƙofar asibiti. A na 16 suna bara suna mutuwa a gefen hanya. Ajiye waɗannan kusa da hotunan Bosse, sai ka ga inda wasu daga cikin masu miƙa hannu a ƙofar attajiri suka fito.

Mataki na 7: Ajiye shekarar hoton kusa da abin da ke faruwa a gari

Shekaru uku sun isa ka riƙe. A 1617 wani limamin coci, Vincent de Paul, ya yi wa jama'ar garin Châtillon bayanin wani gida da kowa a cikinsa ke kwance ba lafiya. Mutane suka yi tururuwa da abinci rana ɗaya, ya lura cewa gobe ba wanda zai koma, sai ya tsara mata su riƙa karɓa-karɓa. A 1633 shi da wata mata, Louise de Marillac, suka kafa ƙungiyar mata masu hidimar matalauta, Filles de la Charité, yawancinsu 'yan matan ƙauye, domin manyan matan Paris suna iya ba da kuɗi amma hawa bene da tukunyar miya zuwa ɗakin majinyaci ya fi ƙarfin da yawansu, wasu barorinsu suke aikawa. Hotunan Bosse a daidai wannan tsakani suka fito, lokacin da sadaka ta zama abin da ake gane mutumin kirki mai hali da shi.

Sai 1656. A watan Afrilu aka fitar da dokar sarki Louis na 14 ta kafa Hôpital général na Paris. Sunan asibiti ne, amma wurin tsare mabarata ne a sa su aiki, a gidaje irin su Salpêtrière da Bicêtre. An haramta bara a birnin, an kuma sa tara a kan wanda ya miƙa wa mabaraci sadaka a titi. A 1662 aka umarci sauran garuruwa su yi haka. Wato shekara ashirin da 'yan kai bayan hotunan Bosse, mutanen da ya zana suna taruwa neman burodi sun zama waɗanda dogarai ke kamawa. Duk hoton sadaka na Faransa da ka samu, duba ko kafin 1656 ne ko bayanta.

Mataki na 8: In takarda ce a hannunka, ba allon waya ba

Wannan ga wanda ya ci karo da irinsu a kasuwar kayan da ko a shafin gwanjo. Shafa gefen hoton, ya kamata ka ji ɗan lotsawar da bakin faranti ya bari, sai dai in an yanke gefen. Ɗaga takardar ga haske: ta ƙarni na 17 da hannu aka yi ta, za ka ga ƙananan layuka a matse da wasu masu tsallaka su, tazarar yatsa ɗaya ko biyu a tsakani. Takarda sumul marar layi ba ta shigo Faransa ba sai wajejen 1780, saboda haka bugun baya ne ko kwaikwayo. Sa madubin ƙara girma: in ka ga ɗigo-ɗigo jere, injin zamani ne.

Faranti yana cinyewa da yawan bugu, kuma siraran layukan nesa ne ke fara ɓacewa. In mutanen gaba baƙi ne amma bayansu ya dusashe kamar hazo, farantin ya gaji. Wasu farantan sun rayu har yau, gidan tarihi na Loren da ke Nancy yana riƙe da na Callot masu yawa, kuma akwai sashe a Louvre da har yanzu yake buga hotuna daga tsofaffin faranti yana sayarwa a fili.

An kwaikwayi mabaratan Callot ba adadi. Mai kwaikwayo mai gaggawa yakan kalli hoton ya tsaga shi yadda ya gan shi, sai bugunsa ya fito a juye. Buɗe kwafin gidan tarihi a waya, ajiye kusa da naka, ka duba ɓangaren da makahon ke fuskanta da gefen da karensa yake. A hotunan masu hali kuma duba takobi: a ƙugun hagu ake rataye shi.